Julius Axelrod

Julius Axelrod (an haife shi ranar 30 ga Mayu, 1912, ya rasu ranar 29 ga Disamba, 2004) masanin sinadaran jiki ne kuma masanin aikin magunguna ɗan ƙasar Amurka. A shekarar 1970 ya sami lambar yabo ta Nobel a fannin ilimin aikin jiki da likitanci, tare da Bernard Katz na Ingila da Ulf von Euler na Suwidin. An fi saninsa da gano cewa jijiyar da ke kai saƙo a jiki tana sake tsotse sinadarin da ta fitar bayan ya gama aikinsa, kuma wasu magunguna suna aiki ne ta hanyar toshe wannan tsotsewa. A kan wannan bincike aka gina yawancin magungunan ciwon damuwa da na fargaba da ake amfani da su a yau, da kuma wani maganin farfaɗiya. Yana cikin waɗanda suka dawo da farasitamol cikin jerin magungunan ciwo. Bai sami digirin digirgir ba sai da ya haura shekara 40.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Axelrod a unguwar Lower East Side da ke birnin New York, unguwar da a lokacin take cike da baƙi 'yan ci-rani. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga yankin Foland. Mahaifinsa masaƙin kwando ne. Ya yi karatun sakandare a makarantar Seward Park, sannan ya shiga Jami'ar New York, amma bayan shekara ɗaya kuɗin makaranta suka gagare shi. Ya koma Kwalejin Birnin New York, wadda ba a biyan kuɗi a cikinta a wancan lokaci, inda ya kammala digirin farko a fannin ilimin halittu a shekarar 1933.

Burinsa shi ne ya zama likita. Ya nemi gurbi a makarantun koyon likitanci da dama, babu wadda ta ɗauke shi. A wancan zamani makarantun likitanci da yawa a Amurka suna ƙayyade yawan ɗalibai Yahudawa da za su karɓa, kuma sakamakon jarrabawarsa bai kai wanda zai tsallake wannan shinge ba. Ga shi kuma ya kammala karatu a tsakiyar babban karayar tattalin arziki da ta bar miliyoyin Amurkawa ba aiki.

Shekarun gwajin abinci

Aikinsa na farko shi ne mataimaki a wani ɗakin gwaje-gwaje na makarantar likitanci ta Jami'ar New York, daga 1933 zuwa 1935. Daga nan ya koma wani ɗakin gwaji da hukumar lafiya ta birnin New York ta kafa, inda aikinsa ya kasance auna yawan bitamin da kamfanoni ke sanyawa a cikin madara da sauran abinci, don a tabbatar abin da aka rubuta a jikin kwali shi ne a ciki. Ya yi shekara 11 yana wannan aiki.

A wannan lokaci ne wata kwalbar amoniya ta fashe masa a fuska, ya rasa idonsa na hagu. Tun daga nan har ƙarshen rayuwarsa idon a rufe yake, kuma saboda wannan rauni ba a ɗauke shi aikin soja ba a Yaƙin Duniya na Biyu. Yana aiki da rana yana karatu da dare, har ya sami digiri na biyu a ilimin sinadarai daga Jami'ar New York a 1941. Aikin gwajin abinci ba shi da ɗaukaka a wurin masana, amma a nan ya ƙware wajen ƙirƙirar hanyoyin auna ɗan ƙanƙanin sinadari a cikin cakuɗaɗɗen abu. Wannan ƙwarewa ce ta zama jarinsa a duk binciken da ya yi daga baya.

Aiki tare da Brodie da batun farasitamol

A 1946 aka kawo wa ɗakin gwajin nasu wata matsala. Wasu magungunan ciwon kai masu ɗauke da sinadarin asetanilid suna jawo wa masu yawan shansu wata cutar jini, inda jinin ke kasa ɗaukar iskar oksijin yadda ya kamata, har fatar mutum ta yi shuɗi-shuɗi. Shugaban ɗakin ya tura Axelrod wurin Bernard Brodie, wani masanin magunguna a Asibitin Goldwater da ke New York, don su tattauna. Brodie ya gayyace shi ya zo su yi aikin tare, Axelrod kuma bai sake komawa gwajin abinci ba.

Tambayar da suka bi ita ce abin da jiki ke yi da magani bayan an haɗiye shi. Sun gano cewa jiki yana sarrafa asetanilid ya zama abubuwa biyu. Ƙaramin kaso yana komawa anilin, wanda shi ne ke lalata jini. Babban kason kuwa yana komawa wani sinadari dabam, kuma shi ne ainihin mai kashe ciwon. A rahoton da suka buga a 1948 sun ba da shawarar a riƙa ba marasa lafiya wannan sinadari kai tsaye. Shi ne farasitamol. An harhaɗa shi tun a ƙarni na 19, amma an yi watsi da shi. Ya shiga kasuwar Amurka da sunan Tylenol a 1955, ya shiga ta Ingila da sunan Panadol a 1956. Axelrod bai sami wani kaso daga cinikin maganin ba.

Komawa Bethesda

A 1949 Axelrod ya koma Cibiyar Nazarin Zuciya ta Ƙasa, ɗaya daga cikin cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka da ke Bethesda a jihar Maryland. Brodie ma ya koma can, kuma shi ne shugaban sashen. Axelrod ya yi nazarin yadda jiki ke sarrafa kafeyin, sinadarin da ke cikin gahawa da shayi da goro, da kuma amfetamin da efedirin. Yayin da yake bin sawun amfetamin a cikin hantar zomo, ya gano wasu inzayim a wani sashe na ƙwayoyin hanta waɗanda ke narkar da magunguna iri-iri. Inzayim wani nau'in furotin ne da ke hanzarta sauya wani sinadari zuwa wani. Waɗannan da ya gano su ne daga baya aka sani da rukunin P450, kuma su ne ke narkar da mafi yawan magungunan da mutane ke sha.

Wannan bincike ya zama sanadin rabuwarsa da Brodie. Da muhimmancin abin ya bayyana, Brodie ya sa sauran ma'aikatan sashen a kai, kuma babban rahoton da ya fito a 1955 ya zo da sunan Brodie a gaba. Axelrod ya ga an tauye masa haƙƙi. Ya kuma fahimci cewa muddin ba shi da digirin digirgir, zai ci gaba da zama ƙarƙashin wani komai yawan abin da ya gano. A 1954 ya ɗauki hutun aiki ya shiga Jami'ar George Washington. An amince ya gabatar da wani ɓangare na binciken da ya riga ya yi, don haka ya kammala a 1955. A shekarar ce ya koma Cibiyar Nazarin Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, inda aka ba shi sashen kansa. Bai taɓa karantar ilimin ƙwaƙwalwa ba kafin nan.

Yadda jijiyoyi ke isar da saƙo

Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa da hanyar jini da kuma igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. A wannan maƙala ana nufin jijiyar saƙo, wato wadda ke ɗaukar umarni da labari tsakanin ƙwaƙwalwa da laka da sauran gaɓoɓi. Ƙwaƙwalwa kanta tarin ƙwayoyin irin wannan jijiya ce.

Saƙo yana tafiya a cikin ƙwayar jijiya a matsayin ɗan motsin lantarki. Amma ƙwayoyin ba su manne da juna ba. Tsakanin bakin wata da jikin ta gaba akwai 'yar tazara da ido ba ya gani, wadda ake kira mahaɗa. Idan lantarkin ya iso bakin jijiya, sai ta fitar da wani sinadari daga cikin wasu ƙananan jakunkuna. Sinadarin ya ƙetare tazarar, ya zauna a kan wasu furotin masu karɓarsa a ɗaya gefen, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗonsa. Ana iya kiran irin wannan sinadari da sinadarin aike. Wasu sinadaran aike suna zuga ƙwayar da ta karɓe su ta aika nata saƙon, wasu kuma suna hana ta.

Otto Loewi ne ya fara nuna haka a 1921 da gwajinsa a kan zuciyar kwaɗo, kuma sinadarin da ya yi aiki a gwajin shi ne asetilkolin. A 1946 von Euler ya nuna cewa noradirenalin ne sinadarin aike na jijiyoyin simfatetik, wato jijiyoyin da ke tayar da jiki a lokacin tsoro ko fushi, su ƙara bugun zuciya su ɗaga hawan jini. Noradirenalin ɗan'uwan adirenalin ne, wanda sunansa ya fito daga kalmomin Latin biyu masu nufin kusa da ƙoda, saboda a saman ƙoda ƙullin da ke samar da shi yake.

Akwai abin da ya rage ba a warware ba. Saƙo ba ya da amfani idan ba ya ƙarewa, domin idan sinadarin ya ci gaba da zama a mahaɗa, saƙo na biyu ba zai bambanta da na farko ba. Game da asetilkolin an san amsar: wani inzayim ne ke farfasa shi nan take. Don haka masana suka ɗauka cewa haka abin yake ga noradirenalin, kuma suka ɗora aikin a kan wani inzayim da ake taƙaita sunansa da MAO.

Gano COMT

Axelrod ya shiga wannan fage ne ta wata hanya dabam. A lokacin wasu likitoci biyu a Kanada, Abram Hoffer da Humphry Osmond, sun yi hasashen cewa taɓin hankali irin na sikizofireniya yana da nasaba da yadda jiki ke sarrafa adirenalin. Axelrod ya ga ba za a iya gwada wannan hasashe ba sai an san yadda lafiyayyen jiki ke sarrafa sinadarin. Hasashen bai tabbata ba, amma a 1957 binciken ya kai shi ga wani sabon inzayim, COMT, wanda ke liƙa wa adirenalin da noradirenalin da dofamin wani ɗan guntun sinadari ya kashe ƙarfinsu. Shekaru da yawa bayan haka aka samar da magungunan da ke danne COMT don taimaka wa masu cutar Parkinson, cutar da ke sa karkarwar jiki da taurin gaɓoɓi.

Da farko an zaci COMT ne amsar tambayar. Sai gwaji ya nuna cewa ko an danne MAO da COMT gaba ɗaya a jikin dabba, tasirin noradirenalin a kan hawan jini yana gushewa cikin ɗan lokaci kamar yadda ya saba. Wannan ya nuna akwai wata hanyar da ba ta inzayim ba.

Gano sake tsotsewa

Abin da ya buɗe hanya shi ne samun adirenalin da noradirenalin da aka yi wa alama da tiritiyom, wani nau'in haidurojin mai fitar da tururin nukiliya kaɗan. Da wannan alama ana iya bin sawun ɗan ƙanƙanin sinadari a duk inda ya shiga a jiki. Axelrod da abokan aikinsa, cikinsu har da Hans Weil-Malherbe da Gordon Whitby da Georg Hertting da Irwin Kopin, suka yi wa kyanwowi allurar sinadarin, suka auna gaɓoɓinsu daga baya. Sun tarar da kaso mai yawa bai lalace ba. Ya taru a zuciya da saifa da ƙullin yawu, wato gaɓoɓin da jijiyoyin simfatetik suka yi yawa a cikinsu, kuma yana nan daram bayan tasirinsa a jiki ya gushe.

Don tabbatar da cewa a cikin jijiyoyin yake ɓuya, suka yi wani gwaji mai sauƙi. Suka cire wani ƙullin jijiyoyi a gefe ɗaya na wuyan kyanwa, suka jira har jijiyoyin simfatetik na wannan gefe suka mutu, sannan suka yi allurar. Gefen da jijiyoyinsa ke da rai ya tara sinadarin, gefen da aka kashe nasa kuwa kusan bai tara komai ba. A wani gwajin suka motsa jijiyar saifa da lantarki, sai noradirenalin mai alama ya sake fitowa cikin jini. An buga waɗannan sakamako a 1961. A 1962, da taimakon na'urar ƙara girman abu mai aiki da lantarki, aka ga alamar a kan ƙananan jakunkunan da ke bakin jijiya.

Ma'anar duk wannan ita ce jijiya tana kawo ƙarshen saƙonta ne ta hanyar janye sinadarin zuwa cikinta, ta mayar da shi jaka, ta sake amfani da shi. Daga baya aka nuna cewa dofamin da sirotonin da GABA da gulutamet duk ana kwashe su daga mahaɗa ta irin wannan hanya. Asetilkolin, wanda aka ɗauka shi ne abin koyi, ya zama shi ne ya fita dabam. Furotin ɗin da ke wannan aiki, waɗanda suke kamar famfo a jikin bangon jijiya, ba a kai ga gano tsarin halittarsu ba sai bayan shekara kusan 30: na GABA a 1990, na noradirenalin da na sirotonin a 1991.

Magungunan da ke toshe famfon

Nan da nan Axelrod ya juya ga magunguna. A 1960 ɗakin gwajinsa ya nuna cewa hodar iblis tana hana jijiya tsotse noradirenalin, abin da ya bayyana dalilin da take ƙara bugun zuciya da hawan jini. A 1961 suka nuna cewa imifiramin ma yana yin haka. Wannan magani, wanda likitan Suwizalan Roland Kuhn ya ba da rahoton amfaninsa ga masu ciwon damuwa a 1957, ana ba da shi a asibitoci ba tare da an san yadda yake aiki ba.

Gwada abin a cikin ƙwaƙwalwa ya fi wuya, saboda akwai shingen da ke hana noradirenalin na cikin jini shiga ƙwaƙwalwa. Jacques Glowinski, wani matashin masani daga Faransa, ya warware matsalar ta hanyar yin allurar kai tsaye cikin kogon ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwar ɓera. A 1964 shi da Axelrod suka nuna cewa imifiramin da danginsa masu maganin damuwa suna toshe tsotsewar a cikin ƙwaƙwalwa. Wannan ya ba kamfanonin magunguna ma'auni: ana iya gwada sabon sinadari a ga wane famfo yake toshewa, kafin a kai shi ga mara lafiya.

Toshe famfo yana sa sinadarin aike ya daɗe a mahaɗa, saƙonsa ya ƙara ƙarfi. Ko hakan zai kwantar da ƙwaƙwalwa ko zai tayar da ita ya danganta da irin saƙon da sinadarin ke ɗauke da shi da kuma wurin da yake aiki.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na GABA, babban sinadarin da ke taka wa ƙwaƙwalwa birki. Farfaɗiya tana faruwa ne idan tarin ƙwayoyin jijiya suka riƙa aika saƙo lokaci guda fiye da ƙima. Leslie Iversen, wanda ya yi aiki a ɗakin gwajin Axelrod kafin ya koma Cambridge, yana cikin waɗanda suka bayyana yadda ƙwaƙwalwa ke tsotse GABA a 1968. Daga wannan layin bincike aka samu tayagabin, wanda kamfanin Novo Nordisk na Denmak ya ƙirƙira, aka amince da shi a Amurka a 1997 da sunan Gabitril. Yana toshe famfon GABA, birkin ya daɗe a take, wutar farfaɗiya ta kasa yaɗuwa. Ana ba da shi ne a matsayin ƙari kan wasu magungunan, ga masu farfaɗiyar da ke farawa daga sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa. A 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yana iya jawo farfaɗiya ga waɗanda ba su da ita idan aka ba su shi don wata cuta dabam.

Misali na biyu shi ne ciwon jijiya, irin zafi da raɗaɗin ƙafa da wasu masu ciwon sukari ke fama da shi. Akwai jijiyoyin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa laka, suna fitar da noradirenalin da sirotonin don rage ƙarfin saƙon ciwo kafin ya hau sama. Magunguna irin su amitiriftilin da dulokzetin suna toshe tsotsewar waɗannan sinadarai, don haka suna ƙarfafa wannan dannewa.

Misali na uku shi ne sirotonin. Imifiramin da danginsa suna taɓa wurare da yawa a jiki, suna jawo bushewar baki da jiri, kuma yawansu yana iya tsayar da zuciya. Saboda haka aka shiga neman maganin da zai toshe famfon sirotonin kaɗai. Na farko da ya shiga kasuwa shi ne zimelidin, wanda aikin Arvid Carlsson na Suwidin ya haifar, a 1982, amma aka janye shi a 1983 saboda wata cutar jijiyoyi da ya jawo wa wasu. A kamfanin Eli Lilly kuwa David Wong da Bryan Molloy da Ray Fuller suka samar da fuluwokzetin, wanda aka amince da shi a Amurka a Disamba 1987 da sunan Prozac. Wannan rukuni, da ake taƙaita sunansa da SSRI, ana ba da shi ga masu ciwon damuwa da fargaba da firgita da waswasi mai tsanani. Fuluwokzetin da amitiriftilin suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Aikin waɗannan magunguna ba kai tsaye yake ba. Famfon yana toshewa cikin sa'o'i kaɗan, amma mara lafiya ba ya jin sauƙi sai bayan makonni, wasu ma fargabarsu tana ƙaruwa a kwanakin farko. Ɗaya daga cikin bayanan da masana ke bayarwa shi ne jijiyoyin sirotonin suna da nasu ma'aunin da ke sa su rage fitarwa idan sinadarin ya yi yawa, kuma sai wannan ma'auni ya saba da sabon yanayi kafin tasirin ya bayyana. Hotunan aikin ƙwaƙwalwa sun nuna cewa maganin yana rage zaburar amigdala, sashen da ke kula da tsoro, idan mutum ya ga abin firgita. Ra'ayin da ya yaɗu cewa ciwon damuwa ƙarancin sirotonin ne kawai bai samu tabbaci ba, kuma binciken Axelrod bai yi wannan iƙirari ba. Abin da ya nuna shi ne wurin da maganin ke kamawa.

Akwai kuma ɗaya fuskar. Hodar iblis tana toshe famfon dofamin, kuma sakamakonta zuga ne da kamu. Tiramadol, wanda shansa ba bisa ƙa'ida ba ya zama matsala a Najeriya da Nijar da Gana da maƙwabtansu, bayan aikinsa irin na dangin ofiyom yana kuma toshe tsotsewar sirotonin da noradirenalin. Shansa da yawa yana jawo farfaɗiya, kuma haɗa shi da maganin SSRI yana iya sa sirotonin ya yi yawan da zai zama haɗari ga rai.

Sauran bincike

Axelrod ya yi aiki mai yawa a kan fainiyal, wani ɗan ƙulli a tsakiyar ƙwaƙwalwa. Bayan Aaron Lerner ya gano sinadarin melatonin a 1958, Axelrod da Herbert Weissbach suka gano inzayim ɗin da ke kammala haɗa shi daga sirotonin. Tare da Richard Wurtman da Solomon Snyder ya nuna cewa aikin ƙullin yana hawa da sauka tsakanin dare da rana, kuma labarin haske yana isa gare shi ne daga ido ta hanyar jijiyoyin simfatetik. Wannan ya zama tushen fahimtar agogon jiki. Shi da Wurtman sun kuma nuna cewa sinadaran da ɓawon ƙullin saman ƙoda ke fitarwa su ne ke sarrafa inzayim ɗin da ke mayar da noradirenalin adirenalin. A shekarunsa na ƙarshe ya yi aiki a kan yadda saƙo ke ratsa bangon ƙwayar halitta, da kuma sinadaran da jiki ke samarwa masu kama da na tabar wiwi.

Lambobin yabo da ɗalibai

Ya sami lambar Gairdner ta Kanada a 1967. Labarin lambar Nobel ya same shi a 1970 yana wurin likitan haƙori. An raba lambar tsakanin mutum uku saboda aikinsu a kan sinadaran aike: yadda ake adana su, da fitar da su, da kuma kawo ƙarshen aikinsu. An zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka a 1971, kuma Royal Society ta Landan ta karɓe shi a matsayin mamba daga ƙetare a 1979.

Abokan aikinsa, manya da ƙanana, suna kiransa Julie. Teburinsa yana cikin ɗakin gwaji ne kusa da inda ake aiki, kuma an san shi da son gwaji mai sauƙi wanda zai ba da amsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Da yawa daga cikin matasan da suka koyi aiki a hannunsa sun zama jagorori a ilimin ƙwaƙwalwa. Snyder, tare da ɗalibarsa Candace Pert, ya gano furotin mai karɓar ofiyom a ƙwaƙwalwa a 1973 a Jami'ar Johns Hopkins. Wurtman ya koma MIT, Glowinski ya zama farfesa a Collège de France da ke Faris.

Bayan samun Nobel ya shiga harkokin manufofin kimiyya. A 1973 shi da Marshall Nirenberg da Christian Anfinsen suka jagoranci takardar koke ta masana game da shirin gwamnatin Nixon na karkatar da ƙarfin bincike ga cutar kansa, suna ganin hakan zai tauye binciken asali wanda ba a san inda zai kai ba tun farko. Ya kuma sa hannu a kiraye-kirayen neman a saki masanan da aka tsare a Tarayyar Sobiyet.

Iyali da rasuwa

Ya yi aure a 1938, kuma sun haifi 'ya'ya maza biyu. Matarsa ta rasu a 1992. Ya yi ritaya a hukumance a 1984, amma ya ci gaba da zuwa ɗakin gwaji a matsayin baƙon mai bincike na tsawon shekaru bayan haka. Ya rasu ranar 29 ga Disamba, 2004, a jihar Maryland, yana da shekara 92. Ƙungiyar masana ilimin ƙwaƙwalwa ta Amurka tana ba da lambar yabo mai ɗauke da sunansa ga masanin da ya yi fice a binciken magungunan ƙwaƙwalwa kuma ya horar da matasa.